Ina jin ƙwaƙwalwata ta ragu, amma gwaji ya ce lafiya lau: wa zan gaskata?

Tambaya: Wani dattijo mai shekara 64, wanda ya yi aikin akanta har ya yi ritaya, ya rubuto yana cewa kimanin shekara biyu ke nan yana jin ƙwaƙwalwarsa ba kamar da ba. Sunayen mutanen da ya sani sukan ɓace masa, yakan karanta shafi har ƙarshe ya tarar bai riƙe komai ba, kuma lissafin da yake yi da ka a da yanzu sai ya ɗauko takarda. Ya je asibiti an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na tambayoyi, ya ci kusan duka, likita ya ce tsufa ne kawai. Mahaifiyarsa ta yi fama da cutar mantuwa a ƙarshen rayuwarta. Yana so ya san ko abin da yake ji farkon wannan cuta ne, da kuma ko ya dace ya nemi sabon gwajin jinin da ya ji an fito da shi.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma jiƙan mahaifiya. Na daɗe ina duba masu irin wannan koke, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne cewa kai da likitan da ya duba ka kuna iya zama masu gaskiya ku duka biyun a lokaci guda, domin ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Gwajin da aka yi maka yana kwatanta ka ne da sauran jama'a masu shekarunka, kai kuwa kana kwatanta kanka ne da mutumin da kake shekara goma da suka wuce. Gajerun gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a asibitoci, wato MMSE da aka fitar a 1975 da MoCA da aka wallafa a 2005, kowannensu maki 30 ne, ana kuma gama shi cikin kimanin minti goma: a ba ka kalmomi uku ko biyar ka riƙe, a tambaye ka kwanan wata, a sa ka yi ta cire bakwai daga ɗari, a wani kuma a sa ka zana agogo. An tsara su ne domin su kama wanda ya riga ya faɗo ƙasa da matsakaicin jama'a. Mutumin da ya kwashe shekara talatin yana aiki da lambobi yana iya rasa wani yanki na ƙarfinsa amma ya haye wannan gwaji ba tare da ya yi gumi ba, saboda tun farko ya fi matsakaicin da tazara mai yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba na ɗaukar kokenka a matsayin wasiwasi.

Likitoci ma sun daina ɗaukar sa haka. Tun a 1982 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Barry Reisberg, ya sanya wannan hali a matsayin mataki na biyu cikin matakai bakwai na raguwar ƙwaƙwalwa, wato matakin da mutum yake jin canji a kansa alhali babu wanda zai iya auna shi daga waje. A 2014 wata tawagar masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Frank Jessen na Jamus, ta ba wa abin suna da ma'ana guda ɗaya da masu bincike za su riƙa aiki da ita. Ma'anar ita ce mutum ya riƙa jin ƙwaƙwalwarsa ta ragu idan ya kwatanta da yadda take a da, jin ya ɗore, ba wata rashin lafiya ta farat ɗaya ce ta kawo shi ba, sannan gwaje-gwaje su nuna yana daidai da tsaransa. Abin ya yawaita ƙwarai. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta gano cewa kusan mutum ɗaya cikin tara daga shekara 45 zuwa sama yana cewa mantuwarsa ko ruɗewarsa tana ƙaruwa.

Abin da ya fi damun ka shi ne inda wannan hanya take kaiwa, kuma akwai alƙaluma a kan haka. A 2014 Alex Mitchell da abokan aikinsa sun tattara bincike 28 da suka ƙunshi kusan mutum dubu 30, suka ga cewa tsofaffin da ke kukan mantuwa alhali gwajinsu lafiya lau, kimanin kashi 2.3 cikin 100 nasu ne suke kamuwa da cutar mantuwa a kowace shekara, wanda ya ninka na waɗanda ba su da koken kusan sau biyu. A binciken da aka bi mutane shekara huɗu zuwa sama, kimanin kashi 14 cikin 100 sun kamu da cutar, kimanin kashi 27 kuma sun kai matakin da ake kira ƙaramar raguwar fahimi, inda gwaji ya fara nuna rauni amma mutum yana tafiyar da rayuwarsa da kansa. Ina so ka karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu. Haɗarin ya ƙaru da gaske, wannan babu ja a kansa. Amma idan aka tara mutum ɗari masu irin kokenka aka dawo musu bayan shekaru, mafi yawansu ba za su kasance sun kamu da cutar mantuwa ba, wasunsu ma za su ce abin ya wuce.

Dalilin da ya sa jin mutum zai iya riga gwaji yana cikin yadda cutar Alzheimer take girma, ita ce kuma ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cutar mantuwa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1906 likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa da ta rasu, ya ga abubuwa biyu da har yau su ne shaidar cutar. Na farko dunƙule-dunƙule ne da suke taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda aka gano daga baya cewa wani furotin ne mai suna amiloyid. Na biyu zare-zare ne da suke cukurkuɗewa a cikin ƙwayoyin kansu, su kuma na wani furotin ne mai suna tawu. Kusan shekara ɗari ba a iya ganin waɗannan abubuwa sai bayan mutuwa, har sai da aka fara auna su a ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, aka kuma samar da hanyar ɗaukar hoton amiloyid a ƙwaƙwalwar mai rai a 2004. Daga nan ne aka ga tsawon lokacin da cutar take ɗauka a ɓoye. Wani bincike da Randall Bateman ya jagoranta, aka wallafa a 2012, ya bi iyalan da suke gadon wani nau'in cutar wanda ake iya hasashen shekarar da zai bayyana, ya nuna cewa amiloyid yana fara sauyawa a ruwan laka kimanin shekara 25 kafin alamomi, ana ganin taruwarsa a hoto kimanin shekara 15 kafin su, raunin riƙe abu kuwa ba ya fara nunawa a gwaji mai zurfi sai kimanin shekara 10 kafin lokacin.

Amiloyid shi kaɗai ba ya saurin taɓa tunani. Tawu ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da alamomin, kuma kamar yadda Heiko Braak da Eva Braak suka nuna a 1991, yakan fara ne daga wani ɗan yanki a can cikin ɓarin ƙwaƙwalwa, daura da kunne, a ƙofar sashen da ke ajiye sababbin abubuwa, kafin ya bazu zuwa sauran wurare. A wannan dogon lokaci ƙwaƙwalwa tana rufe giɓin da kanta, tana bi ta wasu hanyoyi, tana ƙara ƙoƙari domin ta kai ga amsar da a da take zuwa mata a sauƙaƙe. Amsar tana fitowa daidai, shi ya sa gwaji ba ya ganin komai, amma mai ƙwaƙwalwar yana jin nauyin da ya ƙaru. Saboda wannan ne tsarin binciken da masana suka fitar a Amurka a 2018 ya ware mataki na musamman ga mutumin da aka ga alamun cutar a jikinsa, yana jin canji, amma gwajinsa bai faɗi ba.

Sai dai akwai wani bincike da nake so kowane mai irin damuwarka ya sani, domin yana rage zafin abin da na faɗa yanzu. A 2015 Willemijn Jansen da abokan aikinta na Holan sun haɗa sakamakon dubban mutane da aka auna musu amiloyid. A cikin masu lafiyar ƙwaƙwalwa da ba su da wani koke, an samu amiloyid a kashi 10 cikin 100 na 'yan shekara 50, adadin ya yi ta hawa har kashi 44 a 'yan shekara 90. A cikin masu kukan mantuwa da gwajinsu ya fito lafiya, adadin ya kama daga kashi 12 zuwa kashi 43, wato kusan babu bambanci. Sai a masu ƙaramar raguwar fahimi ne aka ga tsalle, daga kashi 27 zuwa kashi 71. Abu biyu ne ke fitowa daga nan. Kukan mantuwa kawai, ba tare da duba irinsa da yanayinsa ba, ba ya nuna cewa akwai amiloyid. Sannan samun amiloyid ba ya nufin dole mutum ya kamu da cutar, domin tsofaffi da yawa suna rayuwa da shi har ƙarshen kwanansu da hankalinsu garau. Binciken da David Snowdon ya yi a kan mata masu zaman zuhudu 678 a Amurka, waɗanda suka yarda a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa, ya nuna wasu da ƙwaƙwalwarsu ta cika da alamun cutar amma ba su taɓa nuna ta ba suna raye, kuma ya nuna cewa ƙananan toshewar jijiyoyin jini suna daga cikin abubuwan da ke sa alamun su fito fili.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce wane irin koke ne yake da nauyi. Tawagar Jessen ta lissafa siffofin da ke ƙara yiwuwar cewa Alzheimer ce a ƙarƙashi: canjin ya fi shafar riƙe abu fiye da sauran ɓangarorin tunani, ya fara cikin shekara biyar da suka wuce, ya fara bayan mutum ya kai shekara 60, yana tare da damuwa ta gaske, mutum yana jin ya fi tsaransa rauni, wani na kusa da shi ya tabbatar da canjin, kuma daga baya aka ƙara da ɗorewar koken da kuma kai shi gaban likita. Ba zan ɓoye maka ba, da dama daga cikinsu suna cikin wasiƙarka, kuma wannan ne dalilin da ya sa ban gamsu da a sallame ka da kalmar tsufa kawai ba. Amma siffar da na fi ba wa muhimmanci ba ka ambace ta ba, wato abin da mutanen gidanka suke gani.

A ɗakin duba marasa lafiya nakan sa idona a kan wanda ya rako majinyaci kusan kamar yadda nake sa shi a kan majinyacin. Na tuna wani dattijo da ya zo da takarda cike da abubuwan da ya manta a cikin wata guda, kowanne da kwanan watansa, har da ranar da ya nemi tabarau alhali yana sanye da shi. Matarsa tana gefe tana murmushi, ta ce ita ba ta ga komai ba, shi ne ma yake tuna mata lokacin shan maganinta. A ranar kuma na ga wani da 'yarsa ta kawo, yana ta ce mini lafiyarsa lau, ɓata lokaci kawai ake yi. Da na tambaye shi abin da ya faru a gidansu makon da ya wuce, sai ya juya ya kalli 'yar yana jiran ta amsa masa, ita kuwa tana girgiza mini kai daga bayansa. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali. A farkon al'amari mai cutar yakan riga kowa lura, amma yayin da ta ci gaba sai sanin kansa ya riƙa dusashewa, kokensa ya ragu, na iyalinsa ya ƙaru. Mutumin da zai iya ba ni cikakken labarin mantuwarsa dalla-dalla yana nuna mini, ba tare da ya sani ba, cewa ma'ajiyar ƙwaƙwalwarsa tana aiki.

Irin mantuwar ma tana da bambanci. Sunan da ya tsaya maka a bakin harshe, sannan ya faɗo maka bayan awa ɗaya kana wani aiki, an ajiye shi, ɗauko shi ne ya yi jinkiri, kuma wannan jinkiri yana zuwa da shekaru ga kusan kowa. Shafin da ka karanta ba ka riƙe ba sau da yawa matsalar tattara hankali ce, domin abin da bai shiga da kyau ba ba zai fito ba. Mantuwar da ke nuna taɓuwar ma'ajiyar ƙwaƙwalwa dabam take. Mutum yakan yi doguwar hira da baƙo da safe, da yamma a tuna masa ya ce sam ba a yi ba, ko an ba shi alama abin ba ya dawowa. Yakan maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, yakan ɓace a hanyar da ya saba bi, yakan biya bashi sau biyu ko ya kasa tafiyar da lissafin da ya saba. Misalan da ka kawo sun fi kama da na farkon, ko da yake ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane tsami ne daga Alzheimer ba, kuma a nan ne nake ganin an fi yi wa mutane sakaci. Ciwon damuwa da fargaba suna kan gaba a cikin abubuwan da ke sa mutum ya ji ƙwaƙwalwarsa ta lalace, kuma shekarun farko na ritaya lokaci ne da sukan shigo a ɓoye, ba lallai da kuka ko baƙin ciki a fili ba, sai dai da rashin sha'awar abubuwa da farkawa tsakar dare. Wanda ya yi jinyar uwa mai cutar mantuwa kuma yakan riƙa gadin kansa, duk ƙaramin tuntuɓe ya ɗauke shi a matsayin shaida. Barci ma haka yake. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yakan tashi da nauyin kai, ya wuni ba ya iya riƙe abu, kuma idan aka magance matsalar sau da yawa sai hazon ya washe. Magunguna suna da nasu kason: magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diazepam, tsofaffin magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, wasu magungunan mafitsara, da amitriptyline da ake bayarwa don ciwon jijiya, duk suna iya dusashe tunanin mai shekaru. Ƙarancin bitamin B12, wanda ya fi yawa ga tsofaffi da masu shan maganin ciwon suga na metformin na dogon lokaci, da raunin aikin tayiroyid, wato ƙullun da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki, da ƙarancin jini, da giya, duk gwajin jini na yau da kullum ko tambaya mai kyau tana gano su. Raunin ji kuwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali wanda yake kashe ƙarfinsa wajen kama kalmomi ba ya samun sauran ƙarfin ajiye su. Bayan waɗannan akwai lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da ciwon suga suke jawowa sannu a hankali, tana kuma fara nunawa ne da jinkirin tunani da wahalar tsara aiki, irin wahalar lissafi da ka da ka ambata.

Game da mahaifiyarka, nau'in cutar da ake gado kai tsaye daga iyaye bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma yakan bayyana da wuri, sau da yawa tsakanin shekara 30 zuwa 60, yana bin zuriya ɗaya bayan ɗaya. Uwar da ta kamu a cikin tsufa tana ƙara haɗarin ɗanta, amma ba ta mayar da shi tabbas. Ƙwayar gadon da aka fi sani a nan ita ce APOE4, wadda aka gano alaƙarta da cutar a 1993. Wanda ya gaji guda ɗaya haɗarinsa yakan ninka kamar sau uku, wanda ya gaji biyu ya fi haka nesa, ko da yake an ga tasirinta ya fi rauni a mutanen da asalinsu na Afirka ne. Ba na ba wa mai irin halinka shawarar ya nemi gwajin wannan ƙwayar gado, saboda mutane da yawa masu ita ba sa kamuwa, da yawa marasa ita suna kamuwa, kuma sakamakon ba zai canza abin da ya kamata ka yi ba.

Gwajin jinin da ka ji labarinsa gaskiya ne, kuma ci gaba ne babba. Yana auna wani nau'in tawu da ake kira p-tau217, wanda yake ƙaruwa a jini idan amiloyid ya taru a ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Suwidin a kan majinyata 1,213 masu kukan ƙwaƙwalwa, aka wallafa a 2024, ya nuna gwajin yana dacewa da gaskiya kusan kashi 90 cikin 100, alhali likitocin gama-gari da ba su yi amfani da shi ba sun dace a kashi 61, ƙwararru kuma a kashi 73. A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko, ga 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda suke da alamun raguwar fahimi, a matsayin abin da zai taimaka wa likita, ba abin tantance masu lafiya ba. Duk da haka, a halin da kake ciki yanzu, ra'ayina shi ne kada ka yi gaggawar yin sa. A cikin mutanen da gwajin ƙwaƙwalwarsu yake lafiya, masu amiloyid tsiraru ne, kuma duk gwajin da aka yi a irin wannan taro yakan fi yawan nuna cuta inda babu ita. Ciwon ƙoda ma yana iya ɗaga adadin a jini. Ko da sakamakon ya zama gaskiya, zai gaya maka cewa akwai amiloyid ne, ba zai gaya maka ko za ka kamu ba, balle yaushe. Sannan babu maganin da aka amince da shi ga wanda bai fara nuna rauni a gwaji ba. Lecanemab da aka amince da shi a Amurka a 2023, da donanemab a 2024, an yi su ne domin masu ƙaramar raguwar fahimi ko farkon cutar. Na farkon ya rage saurin lalacewa da kimanin kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas da suka karɓe shi ya samu kumburi a ƙwaƙwalwa. Babban gwajin da aka yi da wani magani mai suna solanezumab a kan masu amiloyid da ba su da alamomi ya ƙare a 2023 ba tare da nasara ba, ana kuma ci gaba da gwada sababbin magungunan a irin waɗannan mutane. Na ga mutanen da sakamako irin wannan ya hana su barci shekara guda ba tare da ya ƙara musu komai ba. Idan gwaji mai zurfi ya nuna rauni, ko iyalinka suka tabbatar da canji, ko kana son shiga bincike da cikakken sanin abin da kake nema, a lokacin zan sauya wannan shawara.

Abin da nake so ka yi shi ne ka koma wurin likita, in da hali wanda ya ƙware a ƙwaƙwalwa ko a lafiyar tsofaffi, ka tafi da mutumin da ya fi kowa zama da kai, ka kuma ba shi damar yin magana ba tare da ka katse shi ba. Ka ɗauki duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda ka saya da kanka. Ka nemi a duba hawan jini, da suga, da kitsen jini, da B12, da tayiroyid, da ƙoda, a gwada jinka da ganinka, a tambaye ka game da barci da yanayin zuciya. Idan ana yin cikakken gwajin ƙwaƙwalwa na awa ɗaya zuwa uku a inda kake, ka yi shi, domin ya fi gajeren gwajin kama ƙaramin rauni, kuma babban amfaninsa shi ne zai zama ma'aunin da za a kwatanta ka da kanka bayan wata shida ko shekara guda. Wannan maimaitawar ita ce take raba jinkirin tsufa, wanda yake tafiya a hankali ƙwarai, da cutar da take gangarowa. A tsakanin ziyarar biyu ka riƙa rubuta manyan abubuwan da suka faru kawai, tare da ko abin ya dawo maka daga baya ko bai dawo ba, kada ka mayar da littafin wurin ƙirga kowane tuntuɓe.

Lokacin jiran kuma ba na zaman banza ba ne. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya sauyawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, yawan kitsen jini, raunin ji da na gani, shan taba, rashin motsa jiki, ciwon damuwa da kaɗaici. Wannan ƙiyasi ne a kan al'umma, ba alkawari ne ga mutum ɗaya ba, amma akwai gwaje-gwajen da suka goyi bayansa. A binciken SPRINT MIND da aka wallafa a 2019, mutane sama da dubu tara masu hawan jini aka raba gida biyu, waɗanda aka matsa wa jininsu ya sauka sosai suka samu raguwar kamuwa da ƙaramar raguwar fahimi da kashi 19 cikin 100. A Finlan kuma, binciken FINGER na 2015 ya nuna cewa mutane 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77 masu haɗari, rabin da aka haɗa wa motsa jiki da gyaran abinci da horar da ƙwaƙwalwa da kula da jijiyoyin jini na shekara biyu sun fi sauran riƙe ƙarfin tunaninsu. Idan za ka zaɓi wurin farawa, ka fara da hawan jini, da kunne, da tafiya a ƙasa kullum, sannan ka nemi wani aiki da zai mayar da kai cikin mutane da lambobi, domin ƙwaƙwalwar da ta saba aiki tana jin rashinsa. Matakin da za a saukar da jininka kuwa likitanka ne zai tsayar, saboda saukar da shi fiye da kima yana jawo jiri da faɗuwa ga masu shekaru.

Akwai alamomin da ba a jiran wata shida a kansu. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwanaki, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take. Idan kuma ka ɓace a hanyar da ka sani, ko iyalinka suka ga halinka ya sauya, ko ka fara ganin abubuwan da babu su, ko kana naushi da ihu cikin barci kamar kana aikata mafarkinka, ko tafiyarka ta canza tare da kasa riƙe fitsari, ka koma wurin likita cikin makon, domin wasu daga cikin waɗannan suna nuni ga cututtukan da ba Alzheimer ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake yi wa magani.